Ignacio Manuel Altamirano

Ignacio Manuel Altamirano Basilio (an haife shi a ranar 13 ga watan Nuwamba, 1834, ya mutu a ranar 13 ga watan Fabrairu, 1893) marubuci ne, ɗan jarida, malami, lauya, soja kuma ɗan siyasa daga ƙasar Meksiko. Yana cikin manyan masu ra'ayin sauyi da suka yi gwagwarmaya da 'yan mazan jiya da kuma sojojin Faransa a tsakiyar ƙarni na 19, kuma da yawa suna ɗaukar sa a matsayin uban adabin Meksiko na zamani. An fi sanin sa da jaridu da mujallun da ya kafa, da kuma littafinsa na ƙagaggen labari mai suna El Zarco, wanda ya yi magana a kan 'yan fashi da masu garkuwa da mutane da suka addabi yankin gonakin rake na kudancin birnin Meksiko tsakanin 1861 da 1863.

Farkon rayuwa

An haifi Altamirano a garin Tixtla, wani gari a cikin duwatsun kudancin ƙasar, wanda a yau yake cikin jihar Guerrero. A lokacin haihuwarsa ba a ƙirƙiro jihar ba tukuna, sai a 1849. Sunan mahaifinsa Francisco Altamirano, mahaifiyarsa kuwa Gertrudis Basilio. Dukkansu 'yan asalin ƙasa ne, wato zuriyar mutanen da Turawan Sifaniya suka tarar a wurin lokacin da suka zo a ƙarni na 16, kuma talakawa ne. Akasarin masu rubuta tarihinsa sun ce da harshen Nahuwatil ya tashi, harshen da daular Aztek ta yi mulki da shi, kuma bai iya Sifaniyanci sosai ba sai da ya haura shekara goma.

Makarantar garinsu a wancan zamani kashi biyu ce. Akwai 'ya'yan waɗanda ake kira masu hankali, wato Turawa da ruwa-biyu da masu hali, su ake koya wa karatu da rubutu da lissafi. Akwai kuma 'ya'yan 'yan asalin ƙasa, waɗanda ba a koya musu komai sai haddar tambaya da amsa ta addinin Katolika. Altamirano a kashi na biyu ya fara. Da aka zaɓi mahaifinsa shugaban 'yan asalin ƙasa na garin, sai malamin ya mayar da yaron cikin kashi na farko. Ba abin da ya sauya a kan yaron sai muƙamin ubansa, kuma wannan abu bai taɓa fita daga ransa ba. Ya sha komawa kansa a rubuce-rubucensa kan makarantun karkara.

Karatu a Toluca da birnin Meksiko

A 1849 ya samu gurbin karatu kyauta a Cibiyar Adabi ta Toluca, ƙarƙashin wata doka ta jihar Meksiko da ta tanadi ɗaukar yara masu hazaƙa daga ƙananan hukumomi. Ya isa Toluca tare da mahaifinsa bayan doguwar tafiya daga kudu. A can ya haɗu da Ignacio Ramírez, lauya kuma ɗan jarida mai kaifin alƙalami, wanda yake cikin waɗanda suka tsaya kai da fata aka yi dokar. Ramírez ya zama malaminsa kuma ubangidansa a ra'ayi har ƙarshen rayuwa. An ba Altamirano aikin kula da ɗakin karatun cibiyar, abin da ya ba shi damar karanta marubutan Faransa na ƙarni na 18 da littattafan shari'a da tarihi.

Zamansa a Toluca bai ƙare lafiya ba. A 1852 shi da abokinsa Juan A. Mateos suka fitar da wata 'yar jarida ta zambo mai suna Los Papachos, inda suka riƙa caccakar masu riƙe da makarantar da 'yan mazan jiya, aka sallame shi. Ya yi yawo na ɗan lokaci yana koyarwa a ƙauyuka, har ya bi wata tawagar 'yan wasan kwaikwayo. Daga baya ya shiga Kwalejin San Juan de Letrán a birnin Meksiko don karatun lauya. Ya katse karatun a 1854 ya koma kudu ya bi Janar Juan Álvarez a boren Ayutla, wanda ya kifar da mulkin Antonio López de Santa Anna a 1855. Ya dawo ya ƙarasa karatunsa, kuma a 1859 ya auri Margarita Pérez Gavilán. Ba su haihu ba, amma sun riƙe 'yan uwan matar ƙanana a matsayin 'ya'yansu.

Yaƙe-yaƙe da majalisa

Domin a fahimci Altamirano sai an san rigimar da ta raba Meksiko gida biyu a zamaninsa. Masu ra'ayin sauyi suna son a raba coci da gwamnati, a soke kotuna na musamman da limaman coci da sojoji suke da su, a sayar da filayen da coci da al'ummun ƙauyuka suka mallaka a dunƙule ga ɗaiɗaikun mutane, a buɗe makarantun gwamnati, a shimfiɗa layin dogo, a jawo jarin waje. Wannan tarin buri shi suke kira ci gaba. 'Yan mazan jiya kuwa suna ganin cocin Katolika da soja su ne ginshiƙan ƙasa, kuma wasunsu sun fi son a naɗa sarki. Tsarin mulkin 1857 ya bi ra'ayin masu sauyi, sai yaƙin basasa ya ɓarke, wanda ake kira Yaƙin Gyara, aka yi shekara uku ana gwabzawa. Altamirano ya yi wannan yaƙi a kudu, da alƙalami da kuma bindiga.

Bayan Benito Juárez ya shiga birnin Meksiko da nasara a watan Janairun 1861, an zaɓi Altamirano ɗan majalisar tarayya. A watan Yunin shekarar ragowar dakarun 'yan mazan jiya suka kashe manyan masu sauyi uku a jere: Melchor Ocampo, wanda aka ɗauke daga gonarsa aka harbe, sai Santos Degollado da Leandro Valle da suka fita neman ɗaukar fansa. A cikin wannan yanayi aka kawo batun yi wa abokan gaba afuwa. Ranar 10 ga Yuli, 1861, Altamirano, yana ɗan shekara 26, ya tashi ya yi jawabin da ya fito da sunansa a faɗin ƙasar. Ya ce afuwa a lokacin da maƙiyi bai ajiye makami ba rauni ce, kuma za ta ƙara wa masu kisa ƙarfin gwiwa; ya nemi a hukunta shugabanninsu hukunci mai tsanani. Jaridu suka buga jawabin, aka riƙa kwatanta shi da masu zafin baki na juyin juya halin Faransa. A watan Satumban wannan shekara kuma yana cikin 'yan majalisa 51 da suka sa hannu a takardar neman Juárez ya sauka, bisa zargin cewa gwamnatinsa ta yi sanyi.

Da Faransa ta mamaye ƙasar a 1862 ta kuma ɗora Maximilian na gidan Habsburg a kan karagar sarauta a 1864, Altamirano ya koma fagen daga. An ba shi muƙamin kanar a 1865. Ya yi yaƙi a kudu, kuma yana cikin dakarun da suka yi wa birnin Querétaro ƙawanya a 1867, inda aka kama Maximilian aka harbe shi ranar 19 ga Yuni. Akwai wani abu a nan da ya shafi abin da zai zo a gaba. Ranar 3 ga Oktoba, 1865, Maximilian ya sa hannu a wata doka da ta ce duk wanda aka kama da makami yana yaƙar daular, ba za a ɗauke shi soja ba, ɗan fashi ne, kotun soja za ta yanke masa hukunci a kashe shi cikin sa'o'i 24. Wato a idon gwamnatin da ke birnin Meksiko a lokacin, Kanar Altamirano kansa ɗan fashi ne.

Aikin jarida

Bayan dawowar jamhuriya ya ajiye kaki ya rungumi jarida da koyarwa. A 1867 ya kafa El Correo de México tare da Ignacio Ramírez da Guillermo Prieto, jaridar da ta yi adawa da Juárez ta goyi bayan takarar Janar Porfirio Díaz. A ƙarshen wannan shekara da farkon ta gaba ya jagoranci wasu zaman dare na marubuta, inda ake karanta waƙoƙi da labarai a gidajen abokai. Daga nan ne mujallar El Renacimiento ta fito a watan Janairun 1869, wadda ya kafa da Gonzalo Esteva. Sunan yana nufin farfaɗowa. Mako-mako take fita, kuma shekara ɗaya kacal ta yi, amma har yau ana lissafa ta cikin mujallu mafi tasiri a tarihin ƙasar, saboda Altamirano ya buɗe shafukanta ga kowa, har da marubutan da suka goyi bayan Maximilian irin su José María Roa Bárcena. Mutumin da ya ƙi afuwa a majalisa a 1861 shi ne ya yi ta a aikace a fagen adabi bayan shekara takwas.

Ya kuma sa hannu wajen kafa El Federalista a 1871, da La Tribuna a 1875, da La República a 1880, ya kuma yi rubutu a manyan jaridun masu sauyi guda biyu na zamanin, El Siglo Diez y Nueve da El Monitor Republicano. Ya rubuta sharhin wasan kwaikwayo, da labarin mako, da bayanin bukukuwan garuruwa, da maƙaloli masu yawa kan ilimin firamare. Ra'ayinsa a kan ƙagaggen labari shi ne cewa makarantar talaka ce: mutumin da ba zai karanta littafin shari'a ko na falsafa ba zai saurari labarin soyayya, kuma ta nan za a shigar masa da tarihin ƙasarsa da ɗabi'un ɗan ƙasa nagari. Mai karatun Hausa zai ga kamannin wannan da abin da Abubakar Imam ya yi a Gaskiya Ta Fi Kwabo da Magana Jari Ce daga shekarun 1930, inda jarida da labari suka zama aji. Sai dai masu karanta jaridun Altamirano 'yan kaɗan ne. Ko a ƙidayar 1895, bayan mutuwarsa, waɗanda suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 20 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba.

'Yan fashi a jaridun zamaninsa

Tun bayan samun 'yancin kai a 1821 fashi ya zama ruwan dare a hanyoyin Meksiko. Hanyar da ta fi ƙaurin suna ita ce ta tashar jiragen ruwa ta Veracruz zuwa babban birni, musamman dajin Río Frío da ke cikin duwatsu tsakanin Puebla da birnin Meksiko. Karusar dawaki ce motar haya a lokacin, kuma ana iya tare ta fiye da sau ɗaya a tafiya guda, na farko su kwashe kuɗi, na bayansu su tuɓe wa fasinja tufafi. Akwai labarin da matafiya suka yi ta maimaitawa, cewa wasu fasinjoji kan iso masauki sun rufe tsiraicinsu da takardun jarida. Baƙi daga Turai da Amurka sun rubuta irin waɗannan labarai a littattafansu, kuma hakan ya riƙa ƙona ran 'yan bokon Meksiko, domin a ganinsu wannan suna shi ke korar masu zuba jari da Turawan da ake son su zo su zauna su yi noma.

Yaƙin Gyara ya ƙara dagula lamarin. Ɓangarorin biyu duka sun ɗauki 'yan fashi aiki, domin ba su da kuɗin biyan soja, sai su bar su su biya kansu da ganima. Da yaƙi ya ƙare aka sallami dubban mutane da dawakinsu da bindigoginsu ba tare da sana'a ba. Mafi shahara cikin ƙungiyoyin da suka fito daga nan su ne Plateados, wato masu azurfa, saboda yadda suke ƙawata wandunansu da malafunansu da sirdin dawakinsu da azurfa. Sun yi ƙarfi a yankin Cuernavaca da Cuautla da Yautepec, wanda ya zama jihar Morelos a 1869, kuma babban shugabansu shi ne Salomé Plasencia. Sukan fita ɗaruruwa a kan dawaki, su sa wa manyan gonakin rake haraji, su karɓi kuɗi kafin kaya su wuce, su ɗauke mutane sai an biya fansa. Kalmar da jaridu suka yi amfani da ita ga wannan laifi na ƙarshe ita ce plagio, wadda ta samo asali daga kalmar Latin ta satar mutum. Ita ce kuma kalmar da Sifaniyanci ke amfani da ita a yau ga satar fasahar wani.

Jaridun masu sauyi sun ɗauki ɗan fashi a matsayin kishiyar ci gaba. A rubutunsu, shi ragowar zamanin mulkin Sifaniya ne, ɗan jahilci da zaman banza, kuma maganinsa makaranta ce da aiki da layin dogo da waya, sannan kafin waɗannan su iso, bindiga. Juárez ya kafa rundunar 'yan sandan karkara, Rurales, a 1861, kuma an sha zargin cewa cikin waɗanda aka ɗauka har da tsofaffin 'yan fashi. A watan Afrilun 1869 majalisa ta amince da dokar da ta dakatar da wasu haƙƙoƙin da tsarin mulki ya bayar ga masu tare hanya da masu garkuwa da mutane, ta yadda wanda aka kama dumu-dumu za a iya kashe shi ba tare da cikakkiyar shari'a ba, kuma aka yi ta sabunta dokar a shekarun da suka biyo baya. Wannan ya jefa masu sauyi cikin tsaka mai wuya, kuma an yi ta muhawara a kai a majalisa da jaridu. Mutanen da suka yi shekara goma suna yaƙi don kare tsarin mulkin 1857, wanda ya ce kowa na da haƙƙin a saurare shi a kotu, su ne yanzu suke jingine shi. Ga kuma wata al'ada da ta yi ƙamari daga baya a zamanin Díaz, ta harbe fursuna a hanya a ce ya yi yunƙurin gudu.

Babbar matsalar ita ce wa ake kira ɗan fashi. Dokar Lerdo ta 25 ga Yuni, 1856 ta tilasta a raba filayen da ƙauyuka suka mallaka tare, kuma a wurare da dama masu manyan gonaki ne suka ƙare da filayen. Da manoman Chalco suka tashi a 1868 ƙarƙashin Julio López suna neman gonakinsu, jaridun babban birni da dama sun kira su 'yan fashi, aka kama López aka harbe shi a wannan shekara. Manuel Lozada, wanda ya riƙe yankin Tepic na shekaru yana kare filayen 'yan asalin ƙasa, shi ma da wannan suna aka kashe shi a 1873, shekarar da aka buɗe layin dogo daga Veracruz zuwa birnin Meksiko. A ɗaya ɓangaren kuma, jaridun adawa a zamanin Díaz sun riƙa amfani da labarin Heraclio Bernal na Sinaloa, wanda aka kashe a 1888, don su nuna gazawar gwamnati, talakawa kuma suka yi masa waƙoƙi. Kalma ɗaya ce ta rufe mai satar mutane don kuɗi, da manomin da aka ƙwace wa gona, da ɗan tawayen siyasa.

El Zarco

Altamirano ya rubuta El Zarco tsakanin 1885 da 1888, ya karanta wasu babobinsa a gaban ƙungiyar marubuta ta Liceo Hidalgo, amma littafin bai fito ba sai 1901 a Barcelona, shekara takwas bayan mutuwarsa. Kalmar zarco tana nufin mai shuɗin ido, kuma daga Larabci ta shiga Sifaniyanci, daga kalmar nan ta zarƙa'u, tun zamanin Andalus.

Labarin yana faruwa a Yautepec, garin lemo da rake, inda jama'a ke kulle ƙofa tun kafin magariba kuma ake ajiye mai gadi a hasumiyar coci don ya hango ƙurar dawaki. Manuela, budurwa fara kyakkyawa, ta raina Nicolás, maƙeri ɗan asalin ƙasa mai aiki a gonar Atlihuayán, saboda baƙi ne kuma mai aikin hannu. A ɓoye tana soyayya da Zarco, ɗaya daga shugabannin Plateados, wanda ke kawo mata sarƙoƙi da zobban da ya ƙwato daga mutanen da ya kashe. Ta gudu da shi, baƙin ciki ya kashe mahaifiyarta. Da ta isa maɓoyar 'yan fashin a kangon gonar Xochimancas sai ta tarar da ƙazanta da maye da mutanen da aka ɗaure ana azabtarwa don danginsu su kawo kuɗi. Nicolás kuwa ya gane cewa Pilar, wata marainiya, ita ce mai son sa da gaske. A ranar aurensu aka kama Zarco aka harbe shi aka rataye gawarsa a itace, Manuela ta zauce ta faɗi ta mutu a wurin.

Da gangan marubucin ya juya abin da masu karatunsa suka saba. Fari mai shuɗin ido shi ne malalaci matsoraci, baƙin maƙeri kuma shi ne ɗan ƙasa na ƙwarai, mai sana'a, mai ajiya, wanda ya iya karatu. Littafin bai kuma raga wa gwamnati ba. Akwai wurin da kwamandan soja ya zo garin bayan an ɗauke Manuela, ya ƙi bin sawun 'yan fashin, da Nicolás ya faɗa masa gaskiya a gaban jama'a sai ya sa aka kama shi. An nuna sojoji suna rataye talakawan da ba su ji ba ba su gani ba don su aika rahoton nasara, an nuna kuma cewa 'yan fashin suna da masu kai musu labari da masu kare su a cikin hukuma, har Zarco ya kuɓuta a karon farko da aka kama shi. Marubucin ya kuma faɗa a fili cewa dakarun masu sauyi da kansu sun yi amfani da Plateados a lokacin yaƙi.

Wurin da aka fi jayayya a kansa shi ne mafitar da ya kawo. Martín Sánchez Chagollan, manomi ne da 'yan fashi suka kashe masa uba da ɗa suka ƙone masa gida, sai ya sayar da abin da ya mallaka ya tara 'yan sa-kai. A cikin littafin ya je har fadar shugaban ƙasa, Juárez ya ba shi makamai da izinin rataye duk ɗan fashin da ya kama ba tare da kai shi kotu ba. Altamirano lauya ne, ya yi alƙalanci a Kotun Ƙoli, amma a labarinsa zaman lafiya bai dawo ta hannun alƙali ba. Bai kuma tsaya ya tambayi abin da zai faru in ɗan sa-kai ya rataye wanda ba shi da laifi, ko ya yi amfani da izinin don tsohuwar gaba ba, alhali ya nuna soja na yin haka. Wanda ya san muhawarar da ake yi kan 'yan sa-kai da sulhu da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da yankin Birnin Gwari ba zai ji wannan tambaya baƙuwa ba. Wasu masu nazari suna ganin littafin, da yake an rubuta shi a zamanin Díaz, yana halatta mulkin ƙarfi ne da sunan oda da ci gaba. Wasu kuma suna ganin ya fi zama tuhuma ga gwamnatin da ta bar talaka ya kare kansa. Abin da littafin bai taɓo ba ko kaɗan shi ne rigimar fili tsakanin ƙauyuka da gonakin rake. Shekara goma bayan fitowarsa, a wannan yanki na Morelos, Emiliano Zapata ya tashi da manoma a kan batun filin, jaridun babban birni kuma suka kira shi ɗan fashi.

Ana yawan haɗa El Zarco da Los bandidos de Río Frío na Manuel Payno, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1889 da 1891. Na Payno ya fi tsawo nesa ba kusa ba, kuma ya fi mayar da hankali kan babban jami'in soja da ke jagorantar 'yan fashi daga cikin fadar gwamnati.

Sauran ayyuka da muƙamai

Kafin El Zarco ya wallafa Clemencia a 1869, labarin soyayya da cin amana a Guadalajara lokacin mamayar Faransa, wanda ake yawan kira labarin zamani na farko a Meksiko. La Navidad en las montañas ya fito a 1871, inda wani hafsan masu sauyi ya kwana a ƙauyen da limamin coci mai sauƙin kai ya kawo makaranta da sababbin dabarun noma. A nan ya zana irin sulhun da yake fata tsakanin addini da sauyi. Ya tattara waƙoƙinsa a Rimas, da bayanan al'adu a Paisajes y leyendas na 1884.

Ya koma majalisa fiye da sau ɗaya, ya riƙe muƙamai a Kotun Ƙoli da ma'aikatar raya ƙasa, ya kuma yi shekaru yana jagorancin Ƙungiyar Labarin Ƙasa da Ƙididdiga ta Meksiko. Ya koyar a makarantar share fagen jami'a ta ƙasa, da ta kasuwanci, da ta shari'a. Shi ya tsara shirin kafa makarantar horon malamai ta birnin Meksiko, wadda aka buɗe a 1887. Ya dage kan ilimin firamare kyauta, na dole, wanda ba ya ƙarƙashin coci. Ya kuma yi imani cewa dole a koya wa 'yan asalin ƙasa Sifaniyanci in ana son su shiga harkar ƙasa, ra'ayin da masu kare harsunan gida suke suka a yau, ganin cewa shi kansa da Nahuwatil ya buɗe baki amma da Sifaniyanci ya rubuta littattafansa duka. Cikin ɗalibansa akwai Justo Sierra, wanda ya zama ministan ilimi, da Luis González Obregón, da Ángel de Campo. Maestro, wato malam, shi ne sunan da suke kiran sa da shi.

Mutuwa da tunawa

A 1889 gwamnatin Díaz ta naɗa shi ƙaramin jakada a Barcelona, a shekara ta gaba ya yi musayar wurin aiki da Manuel Payno ya koma Paris. Lafiyarsa ta taɓarɓare a Turai, ya tafi San Remo a gaɓar tekun Italiya neman sauƙin yanayi, a can ya mutu ranar 13 ga Fabrairu, 1893, yana da shekara 58. An ƙone gawarsa bisa wasiyyarsa, aka mayar da tokar Meksiko. A 1934, cikar shekara ɗari da haihuwarsa, aka mayar da ita maƙabartar manyan mutanen ƙasa da ke birnin Meksiko.

An sa wa wani gari a jihar Guerrero suna Ciudad Altamirano, kuma lambar yabon da gwamnatin Meksiko ke ba malaman da suka daɗe suna koyarwa tana ɗauke da sunansa. A 1993 aka rubuta sunansa da haruffan zinariya a bangon zauren majalisar wakilai. An mayar da El Zarco fim, inda Pedro Armendáriz ya fito a matsayin ɗan fashin, kuma har yanzu ana karanta littafin a makarantun sakandaren ƙasar.